Kakana da Agogon Aljihu

Duk lokacin da na buɗe akwatina na ji ƙas-ƙas ɗin tsohon agogon nan, sai raina ya ɗan ɓaci, ko da yake mai shi ya daɗe a ƙasa. Agogon aljihu ne mai murfi, irin wanda sai an murɗa kansa yake aiki. Bari in gaya maka yadda ya shigo gidanmu, ka ji irin taurin kan kakana.

A ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure, noman rani ne abincinmu. Kakana da maƙwabcinsa na gona hanyar ruwa ɗaya suke sha, wadda ta ɓallo daga babban kanal. Shekara da shekaru da kiran salla suke rabo: wannan ya sha daga safe, wancan ya karɓa bayan azahar. Sai ɗan maƙwabcin ya sayi wayar hannu, a shekarun da ta fara shigowa ƙauye, ya ce shi kam da ƙarfe za a riƙa rabo. Kakana ya ce ba yaron da zai riƙa gaya masa lokaci a gonarsa, shi ma zai sayi agogo. Ba na hannu ba, don alwala da taɓo za su kashe shi. Na aljihu yake so, mai araha kuma mai gaskiya.

Ranar kasuwar Bunkure ya ce in raka shi. Ina firamare a lokacin, kuma amarya yake kirana, irin wasan kaka da jika. Ya ɗora hannu a kafaɗata tun daga gida har rumfar mai agogo, ni kuwa ina ta yanga, a zatona duk so ne. Da aka zube masa agoguna bai dubi fuskar ko ɗaya ba. Sai ya ɗauka ya kara a kunne, ya ajiye, ya ɗauki wani. Wanda ya fi ƙara shi ya saya, wai agogo mai murya ba ya ƙarya.

Daga nan fitina ta fara. Yau ya je ya tarar rabonsa ya kusa wucewa, gobe ya toshe wa maƙwabci ruwa tun lokacinsa bai cika ba, a yi ta cacar baki a bakin kanal. Ga zafin rana, ga tumatir ya fara fure. Ƙasar fangalin shukar ta tsage, ganye ya lanƙwashe, furen yana zuba. Tumatirin nan kuwa shi ne hatsinmu na damina, shi ne kayan sallarmu.

Kowace kasuwa sai mun koma. Wannan agogon gudu yake yi, wancan malalaci ne, na ukun jabu ne. Ƙafafuna suka gaji, kunyar mai rumfar ta ishe ni. Babana ya ce a bar ɗan maƙwabcin ya riƙa faɗin lokaci mana, kakana ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwarsa. Kakata kuwa cewa take, wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Wallahi akwai ranar da na so in jefa agogon a kanal kowa ya huta.

A zuwanmu na ƙarshe mai agogo, wani dattijo mai haƙuri, ya karɓa ya gwada da nasa, ya miƙo masa.

"Baba, lafiyarsa ƙalau. Duba ka gani, ƙarfe nawa ya nuna?"

Kakana ya buɗe murfin. Ya riƙe shi a juye, sama a ƙasa, ya ƙura masa ido, ya matso da shi har kusa da hancinsa. Ya daɗe a haka. Sai na lura da wani fari-fari a ƙwayar idonsa, na kuma tuna hannun nan da ba ya barin kafaɗata.

"Amarya," in ji shi a hankali, "duba mana. Rana ce ta kashe mini ido."

A inuwa muke tsaye. Mai agogo ya sunkuyar da kai.

Daga ranar, in na taso daga makaranta sai in bi shi gona. Ya zaro agogo da ƙasaita ya buɗe, ni in leƙa in raɗa masa, shi kuma ya faɗa da ƙarfi kamar shi ya gani. Amma an makara, rabin tumatirin ya riga ya ƙone. Da aka kai shi asibiti a Kano aka ce yanar ido ce, da ya zo da wuri da aikin ya fi sauƙi. Har yau abin yana ba ni haushi. Rani guda muna zagin agogo, alhali kalma ɗaya ce ta gagare shi faɗa.

Yanzu kowane manomi da waya a aljihu, ba mai neman agogo mai murfi. Kwanakin baya na je gida, babana ya miƙo mini tasa yana mita, wai hasken ya mutu, a sayo masa wata mai araha amma mai kyau. Na duba, haskenta ƙal. Ban yi masa gardama ba. Na ce ya sa hularsa mu tafi Kano, kuma ba kasuwar waya na kai shi ba.