Alwalar Ƙafar Katako

Ran kasuwar Faskari, da azahar, wani baƙo ya tsaya a rumfar Nata'ala wanzami yana aron buta. Dogo ne siriri, sanye da tsohuwar rigar soja wadda wanki ya koɗar, yana ɗan jan ƙafar hagu. Nata'ala ya ce a ransa, wannan cikin sojan da Turawa suka kai yaƙi ƙasar Bama ne, irin waɗanda suka dawo gida suka daina hira.

Ga baƙon zaune bisa kututture yana alwala a tsanake. Ya wanke ƙafar dama, sannan ya naɗe wando ta hagu. Daga gwiwa zuwa ƙasa katako ne, an ɗaure shi da fata. Yana zuba masa ruwa yana cuɗawa, yana bi da ɗan yatsa wurin da ya kamata a ce akwai yatsu.

Nata'ala, wanda ya saba kaciya da cire beli, sai da ya ajiye askarsa.

"Malam, ai itace ba ya bukatar alwala."

Baƙon bai ɗago ba. "Na sani. Tawa a wani asibiti can Indiya aka yanke ta, babu nawa ko ɗaya a kusa. Da na farfaɗo na tambaye su inda suka binne ta. Suka ce su ƙonawa suke yi."

Ya juye sauran ruwan a kan katakon, har butar ta daina ɗiga.