Sandar Kaka

In ƙura ta yi zafi a cikin tsohuwar na'ura, akwai wani wari da take yi, kamar na roba da ta sha rana. Ba na jin sa sai na tuna falonmu a hawa na huɗu a unguwar Tremont, a ƙasar Turawa, da Kaka a kujerarsa kusa da hita mai ɗumama ɗaki.

Ina aji bakwai lokacin da ɓarin jikinsa ya shanye. Ya dawo daga asibiti bakinsa a karkace, hannun hagu kaɗai ke motsi. Mutumin da ba na shiga gida sai ya ce, "Amaryata, yau ma ba ki yi mini tuwo ba? Zan sake ki," ya koma kallo kawai. Matar da asibiti ke turowa ta gaya wa Inna cewa tunda ba ya iya kiran kowa, gara a kai shi gidan kula da tsofaffi. Can kuwa babu mai jin Hausa. Inna tana yini tana kula da tsohuwar wasu, matar Kawu ce a gida, ita ma da jariri.

Kawu yana aikin gyare-gyare a benenmu, ba ya wuce abin da aka jefar. A ɗakin ƙasa ya tsinto wata kwamfuta da ta girme ni nesa, da faifanta, da sandar wasan kwamfuta da ake turawa gefe-gefe, da littafin bayani da ya sha ruwa. Ni da ba na iya ɗaga ido in gaida baƙo, littafin na kama. Yaren da ake rubuta mata umarni akwai shi a wasu kwamfutoci, amma an ƙara masa wasu umarnai da wannan na'ura kaɗai ta sani. Ɗaya yana sauraron sandar wasa, wani yana fitar da murya.

Muryar kuma muna da ita. Kaka ya saba aika saƙo Maraɗi a kaset, akwai waɗanda ba a tafi da su ba. Na yi ta saurare ina tsintar kalmomi, Kawu ya haɗa mini waya, na shigar da su. In ya tura sandar zuwa hagu, muryarsa ta ce ruwa. Dama, alwala. Ƙasa, ciwo. Sama na sa masa "Amaryata", wadda na samu a wurin da yake ba ƙaninsa labarina.

Ranar da muka gwada, dusar ƙanƙara na sauka. Na ɗora hannunsa a kan sandar. Ya daɗe bai motsa ba, sannan ya tura sama. Muryarsa ta fito a shaƙe, kamar daga cikin gwangwani, amma tasa ce. Inna ta saki ludayi. Kawu ya ce, "Baba, bakin ya dawo, kuma da mata ka fara?" Matar asibiti ta gani, ta ce a bar shi a gida tukuna.

Haka muka ci sanyi har ya wuce. Da zafi ya shigo, wata Asabar bayan Azahar, warin nan ya cika falo, allon ya yi baƙi. Kawu ya buɗe ta, ya duba, ya girgiza kai.

Mai karatu, ban taɓa gudu irin na makon nan ba. Ina da umarnan duka a kaina. Na je laburare, na rubuta su layi-layi a sabuwar kwamfuta. Yaren ya karɓi komai, sai layin sanda da layin murya, ya ce bai san su ba. Na sake, na sake. Na roƙi ma'aikacin wurin, ya ce bai taɓa ganin irinsu ba. Faifan da muryar ke ciki ma babu ramin da zai shiga. Ni da Kawu muka bi shagunan tsofaffin kaya har unguwar Park Hill a tsallaken ruwa, wani ya yi dariya ya ce mu je gidan tarihi. A cikin jirgin ruwa na dawowa na yi kuka, Kawu ya yi kamar yana kallon teku.

Kafin mu samu wata, Kaka ya faɗi daga kujera, matar Kawu tana wanka, ba ta ji ba. Aka kai shi gidan tsofaffin.

Na kai masa sandar, wayarta na reto ba a haɗe da komai ba. Ma'aikatan sun ɗauka abin motsa hannu ne. Na rubuta musu ma'anar kowane gefe na manna a bango, amma ba mai tsayawa ya kalli hannun tsoho.

Yau ina jami'a, wayar aljihuna za ta yi wannan aikin kafin shayi ya huce, kuma na san hanyoyin da ban sani ba a lokacin. Kaka bai jira su ba. Zuwana na ƙarshe, ina shiga ɗakin na ga babban yatsansa ya tura sandar sama. Babu abin da ya yi ƙara. Na ajiye jakata na ce, "Na'am, Kaka. Tuwon ne ya tsayar da ni."