Ciyawar da Gajere Ya Shayar

A Azarori in mutum ya shirga ƙarya ba a ce masa maƙaryaci, sai dai a ce, "To Gajere, mun ji." Shi kuwa mai sunan yana nan da ransa, zabgegen mutum da sai ya duƙa yake shiga masallaci, kuma maganar tana ci masa rai ƙwarai.

Shi ya jawo wa kansa. Shekara goma sha bakwai ya yi a Abijan wajen biɗa. Da ya dawo aka tambaye shi aikin da ya yi, maimakon ya ce dako ko gadi kamar kowane mai hankali, sai bawan Allah ya faɗi gaskiya. Wai wani fili ne da ya fi gonakin unguwarsu duka, ciyawa kore shar rani da damina, shi ke ba ta ruwa da tiyo, ya kuma aske ta da inji. Wai manyan mutane masu tumbi ke zuwa su doki wata 'yar ƙwallo kamar ƙwan zabo da sanda, su bi ta a ƙafa har ta faɗa rami. Sunan abin golf.

"In ta faɗa su yi mi da ita?" in ji Isaka, taubashinsa, wanda Allah ya ba baki ya hana shi aikin yi.

"Su ciro ta su sake bugawa."

Ranar har liman sai da ya share hawaye don dariya. Tun ana wasa har abin ya zama gaske: da aka yi rikicin iyakar gona, a gaban jama'a mai gari ya ƙi karɓar shaidar Gajere. Wansa Mahaman, mai shanun gidan, bai taɓa yi masa dariya ba. Sunkuyar da kai yake yi in an ɗauko zancen, wannan kuwa ya fi dariyar zafi.

Shekara shida ana haka. Rannan da kaka Bashiru, mai gidan kallo a Madawa, ya aiko masa cewa tele za ta nuna babbar gasar wasan nan, Turai da Amurka, mutum goma sha biyu kowane ɓangare, kwana uku. Gajere ya bar gero a tsaye a gona. Ya lallaɓa Mahaman, ya ja Isaka da rantsuwa, suka hau motar kasuwa. Samarin da suka zo kallon balo, wato ƙwallon ƙafa, suka yi ta tsaki, Bashiru ya ce yau ranar dattawa ce.

Gajere ya ɗaure wa Turai gindi, don tsohon patoron ɗinsa, maigidansa a wurin aiki, Bafaranshe ne. Ya zauna gaba-gaba yana bayani ba wanda ya tambaye shi. A tele wani Bature ya tsuguna yana leƙen ƙasa, dubban mutane sun yi tsit.

"Allura ta ɓace mishi?" in ji Isaka.

Baturen ya miƙe, ya ɗan taɓa ƙwallon. Ta gangara a hankali ta faɗa rami. Sai filin wasan ya kaure da ihu, ƙarti masu gemu suna rungumar juna.

Isaka ya cire hula ya sosa ƙeya. "Taubashi, na janye. Ashe dai akwai mahaukatan, kai kau kai musu bauta."

Daɗi ya kama Gajere har idonsa ya cika da ƙwalla. Ya juya wajen wansa don ya ga fuskarsa. Mahaman ko sau ɗaya bai dubi ƙwallon ba. Ciyawar yake kallo, bakinsa a ɗan buɗe.

"Irin wagga ce taku?"

"Ita ce, Yaya. Tamu ma ta fi laushi."

"Bisashe nawa ka kiwo cikinta?"

"Ko akuya ba a bari ta shiga."

"Wadda kuka askewa fa?"

"Mota ka kwashe ta a zubar."

Mahaman ya kawar da ido daga tele. Can ya ce, "Shekarar da munka kware rufin ɗakuna muna ba shanu, sha ɗaya sunka faɗi a hannuna, kana can?"

"Ina can, Yaya."

"Da tiyo."

Gajere ya sunkuyar da kai. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba ko ranar shaidar gona.

Mahaman ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya laluba takalmansa a bakin ƙofa. "Shekara shida ina ba kaina haƙuri, ina cewa ƙanena ƙarya kawai shikai. Da ka bar ni da ƙaryar, Gajere."

Ya fita neman motar gida. A tele Turai suka sake jefa ƙwallo a rami, Bashiru ya taɓa kafaɗar Gajere ya ce naka sun ci. Gajere ya ce a mayar wa yara balonsu.