Kazar Kaka da Bidiyon Rabi

A gidanmu na unguwar Nima, da an idar da magariba sai mu kewaye murhun gawayin Kaka, tana gasa mana masara. Ba ta taɓa ba da tatsuniya ɗaya iri ɗaya sau biyu ba. Fuskokinmu take karantawa. In ta ga yaro ya yi zuru, sai ta koma baya ta sassauta. In ta ga ido ya ciko, sai ta rage wa kura haƙora.

Wadda na fi riƙewa ita ce ta kazar da aka sa wa ƙwan agwagwa. Ta kwanta a kai, ta ƙyanƙyashe, ta yi ta kiwo. Ran nan 'ya'yan suka ga tafki, suka faɗa. Ƙaramar cikinsu ciyawa ta riƙe mata ƙafa, kaza tana ta kai da komowa a bakin ruwa.

Na ce, "Kaka, sai ta shiga ta cece ta?"

Ta ce, "Ke Ladi, da wace ƙafar? Ci masararki."

Daren nan kaɗai ta ƙi gyara mini labari, na kwana ina jin haushinta.

Yanzu ga ni da 'yata Rabi. Tana koyon kwamfuta daga gida, ta bidiyo a waya, don ta samu takardar da za ta nemi aikin ofis. Bidiyon ma wai yana bin mai koyo. Yana tambaya, in ka faɗi ya mayar da kai baya a hankali, in ka ci ya wuce da kai gaba. Rabi kuwa akwai kai, duk tambaya sai ta ci. Shi ke nan ya yi ta turata gaba, bai san yarinyar ba ta taɓa dafa kwamfuta ba. Ba mu da ita.

Ni da na koyi baƙi a ajin manya, me zan iya? Na yanko kwali, ta zana maɓallan rubutu a kai. Na ba ta sabulu a madadin abin nan da ake ja da hannu kibiya ta motsa. Nakan riƙe mata wayar tana ja tana dannawa, har hannuna ya sage.

Ran Asabar ta hau motar haya, tiroto, zuwa wurin da za a yi mata gwaji a kan kwamfuta ta gaske. Kafin azahar ta dawo, ta zauna ko takalmi ba ta cire ba.

"Mma, kibiyar ta ƙi tsayawa. Ina taɓawa sai ta gudu. Na san amsar duka, wallahi na sani."

Sai a lokacin na daina jin haushin Kaka. Gaskiya ta gaya mini tun da wuri, akwai ruwan da uwa ba ta shiga.

Rabi ta kunna wayar. Muryar bidiyon ta yaba mata, ta ce ta shirya wa darasi na gaba.

"Mma, in danna?"

Na zauna kusa da ita, na riƙe mata wayar.