Zuwa Dass Neman Fuskar Malam

Da sunan Allah nake farawa. Ni ban yi karatu ba, maƙwabciyata Malama Asabe ce ke rubutawa, na kuma ce mata in ta ji na yi shiru ta jira ni, kuka ne, zai wuce.

Fiye da shekara arba'in maigidana yana ɗaukar hoto a shagonsa na Wunti. Amare, 'yan makaranta, masu tafiya Makka, duk sun tsaya gaban labulensa. Amma da ya rasu muka zazzage akwatunansa, babu hotonsa sai na jikin katin shaida, shi ma ruwa ya cinye shi. Kullum cewa yake wurin mai hoto bayan kyamara ne. Kafin in fita takaba na lura in na rufe ido hularsa nake gani da gemunsa, fuskar ba ta zuwa. Wannan ya tsorata ni ƙwarai. Sai muka ji cewa Baba Yohanna, wanda suka koyi aikin tare, yana da hotonsa guda a Dass.

Tirwun zuwa tasha

Ranar Talata, muna idar da sallar asuba muka fito daga unguwarmu Tirwun, ni da autata Rakiya, wadda ta gaji shagon. Ta ce ƙarfe biyar da rabi. Ta rataya kyamarar ubanta, fuskarta ba walwala. Tun rasuwarsa take ɗaukar mutane yadda ya koya mata: miƙe, ɗaga haɓa, kar ka motsa. Su karɓa su ce, "Ya yi, amma ba kamar na Malam ba." Har ta fara zancen rufe shagon.

Mai keke ya kai mu Wunti a ɗari biyar. Da muka wuce ƙofar shagon na kau da kai. Wani keken ya kai mu tasha, muka karya da masa da miyar taushe kafin mota ta cika.

Hanyar Dass

Bakwai saura kwata muka tashi, mu huɗu a baya. Direban ya ce, "Mama, biki za a je da mai hoto?" Na ce masa a'a, mijina zan je gani. Ya ce, "To a gaida angon!" Rakiya ta raɗa masa, sai ya kashe rediyo ya yi mini gaisuwa. Bayan Bayara aka tsayar da mu a shinge, jami'in ya leƙo ya ce a yi masa hoto kyauta, aka yi dariya muka wuce. Da duwatsun Dass suka bayyana, sai na ji kamar ranar da aka kai ni ɗakinsa. Tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintoci.

Gidan Baba Yohanna

Ɗan acaɓa ya nuna mana gidan, bayan coci. Matarsa Saratu ta rungume ni tun daga ƙofa, ta ajiye mana gwate da kunun gyaɗa. Baba Yohanna ido ya yi rauni, da lalube ya buɗe wani gwangwanin biskit.

"Maman Rakiya, kar ki sa rai da yawa. Satar ɗaukarsa na yi, kin san halin mutuminki."

Ya miƙo mini. Bayansa ne. Yana duƙe a kan tsohuwar kyamarar akwati, kansa cikin baƙin ƙyalle, ƙafa ɗaya a karkace kamar yadda yake tsayawa. Na san wannan ƙafa, na san rigar, ni na ɗinke aljihunta. Amma fuska babu. Na zauna a ƙasa na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar jana'iza. Saratu ta zauna kusa da ni, ta riƙe gefen hoton.

Sai na ji ƙyas. Ba wanda ya ce mini miƙe, ba wanda ya ce kar ki motsa. Rakiya ta ce, "Inna, yi haƙuri, ban san lokacin da na danna ba." Ta nuna mana. Hannuwa biyu ne tsofaffi, nawa da na Saratu, riƙe da bayan Malam. Baba Yohanna ya kai shi dab da idonsa, ya daɗe yana dubawa.

"Ubanki da ya ga wannan faɗa zai yi, ya ce ina kawunan mutane? Shi bai iya irinsa ba, ni ma haka. Ke daina bin sawunsa, 'yata. Ƙara wani."

Ta ɗaga kyamarar za ta ƙara, ni kuma na ɗago kai. Ta rufe idon hagu, ta ciji leɓen ƙasa, goshinta ya tattare wuri guda. Malam ne sak. Shekara da shekaru yarinyar nan tana gabana, amma ban taɓa ganinta a bakin aiki ba.

Na ce, "Tsaya haka. Ba ni abin nan."

"Inna, ba ki iya ba!"

"Nuna mini inda ake dannawa, ki sake yin fuskar nan."

Saratu ta tallafe mini gwiwar hannu. Na danna sau uku, biyu sun ɗauko katanga da akuya.

Komawa gida

Bayan azahar muka kamo hanya, Saratu ta haɗa mu da ƙunshin acca. La'asar ta same mu a Tirwun. Rakiya ba ta sake zancen rufe shago ba. Yanzu hira take da mutane har su manta da ita, sannan ta danna.

Hoto na ukun nan da na ɗauka ta wanke mini shi. A karkace yake, rabin ɗankwalinta ya fita, ta ce a bari ta gyara, na hana. Yana rataye kusa da gadona tare da na bayan Malam, wanda Baba Yohanna ya bar mini. Na gode masa, na gode wa Saratu da direban da ya kashe rediyo. Allah ya jiƙan Malam. Yanzu in na rufe ido, fuskar tana zuwa.