Yaya Sanda da Iyakar Yakuwa

Ku da kuka san Yaya Sanda kun san yadda yake gaisuwa. Ba lafiyarka zai fara tambaya ba, ba ta iyali ba. Zai riƙe hannunka, ya lumshe ido kamar mai sauraron kalangu daga wani gari, ya ce, "Yau a mazaɓar wa ka kwana?" In ka ce ba ka sani ba, sai ya sake ka a hankali, ya ce, "Allah ya ba ka lafiya."

Ni ce autarsu, ciki ɗaya, kuma gidana yana kallon nasa a garin McLeansville, nan Amurka, titi ne kawai tsakaninmu. Saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba.

Takardar zama ɗan ƙasa ta zo masa a makare, an yi zaɓen shugaban ƙasa da 'yan kwanaki. Shekarar nan ce da aka kwashe makonni ana ƙirga ƙuri'u a wata jiha can kudu. Kotun jihar ta ce a sake ƙirgawa, majalisar jihar ta ce a zaɓe irin wannan ita aka ba wuƙa da nama. Yaya ya zauna gaban talabijin har shayinsa ya yi sanyi. Da ya kashe ta sai ya ce, "Auta, ƙuri'ata ɗaya ce, kamar irin gero na ƙarshe a ƙwarya. Ba zan shuka ta a gonar da ake rigima a kanta ba. Sai na san mai magana ta ƙarshe, majalisa ko kotu."

Na ce, "Yaya, ni tun bara nake da takardata, na jefa tawa, ban mutu ba."

Ya ce, "Ke ai ko a gida haka kike, ba ki tambayar tuwon wa ne."

Daga nan ya samo taswirar mazaɓu, ya gano layin da 'yan majalisa suka ja ya bi ta titinmu: shi depitensa daban, wato wanda zai je masa Washington, ni nawa daban. To a Tasawa ta ƙasar Nijar, inda aka haife mu, ba a barin iyakar gona tsirara, yakuwa ake shuka mata. Sai ga Yaya a bakin titi da fartanya. Ya jera yakuwa tun daga akwatin wasiƙu har ƙarshen filinsa. In yamma ta yi, rana ta bi ta cikin jan ganyen nan, sai ya zauna a kujera yana kallo, ya ce yana jin ƙamshin damina ta gida. In zan tsallaka kai masa miya, sai ya ɗaga hannu: "Sannu da zuwa, baƙuwa daga ƙasar waje."

Da aka sake zana taswira, layi ya koma ƙoramar bayan gidansa, muka zama 'yan mazaɓa ɗaya. Ya tone yakuwar nan duka, tana tsaka da fure, ya mayar da ita bakin ƙorama. Rabi ta mutu. Na ce, "Ka kashe mana miyar shekara." Ya ce, "Ba ni ba ne, majalisa ce. Ki kai ƙara."

Sai watandar da muka yi a wata gona a Pleasant Garden, sa guda, gida bakwai. Baba Yohanna, abokinsa mutumin Jos, dattijon coci, shi ya raba nama kashi-kashi. Su biyun nan kullum cikin musu suke, shi Baba Yohanna yana bayan majalisa, Yaya yana bayan kotu. Da ya gama rabo ya miƙa hannu zai ɗauki kashinsa, Yaya ya riƙe masa wuyan hannu.

"Tsaya, Yohanna. A garinku mai rabo ne ke fara ɗauka?"

"Haba Malam Sanda, ku kuka zaɓe ni in raba."

"Mun zaɓe ka ka raba, ba mu zaɓe ka ka ɗauke hanta ba. Ka ga abin da nake gaya maka? Depite ya ja layi, ya zaɓi mutanen da za su zaɓe shi, sannan ka ce kada alƙali ya leƙa?"

Baba Yohanna ya ce, "To in alƙalin ma yana son hanta fa?"

Yaya ya saki hannun. Ya juya baya ga naman, ya sa ni in riƙa nuna kashi yana kiran sunan gida, kamar yadda ake yi a ƙauye. Hanta ta faɗo wa Baba Yohanna.

Maganar Baba Yohanna ta tsaya wa Yaya a rai, ya ɗauke ni muka je ofishin zaɓe. Ya ce da matar da ke wurin, cikin turancinsa mai warin faransanci, yana son ya san wa ke naɗa alƙalan jiha. Ta ce ai su ma zaɓensu ake yi, sunansu na kan takardar ƙuri'a. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce da Hausa, "Auta, ashe mai tsaron rumbu ma kaza ce."

Haka shekaru suka yi ta wucewa, zaɓe ya zo ya wuce, Yaya yana kujerarsa. Har ciwon ƙirji ya fara kwantar da shi. Wata safiya na kai masa kunu, na tarar da fuskarsa a sake. Ya ce ya yi mafarkin Baba, marigayi mahaifinmu, yana tafe a bakin gonarmu, ƙasa jiƙe, ya waiwayo ya ce masa, "Sanda, rigimar iyaka ta girmi kakanka. An yi ruwa, ka shuka." Ya ce, "Zaɓen fid da gwani na bazarar nan da ni za a yi. Ke za ki raka ni."

Saura 'yan makonni, kotun jiharmu ta soke wata taswirar mazaɓu da majalisa ta zana, aka ɗage zaɓen gaba ɗaya, har da na masu zuwa Washington. Na tsallaka na gaya masa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Shekara nawa ina kare alƙalan nan? Mutanena ne suka yi mini." Sannan ya ce, "Ba komai. Na jira su da yawa, su ma su jira ni."

Bai kai sabuwar ranar ba. Ni kaɗai na je. Na daɗe tsaye da takarda a hannu, har ma'aikaciyar ta zo ta tambaye ni ko ina neman taimako. Na ce a'a, wani nake jira.

Ya Allah, bawanka Sanda ya zo maka da tambayarsa ba amsa. Kai ne mai magana ta ƙarshe, Ka faɗa masa ita da sauƙi. Ka yafe masa taurin kai, Ka haskaka kabarinsa, Ka zaunar da shi kusa da Baba, inda inuwa take da sanyi. Amin.