Ranar da Uwata Ta Faɗi Sunana

Shekarar da na gama makaranta a Makka aka yi shelar ana ɗibar samari soja, yaƙi ya ɓarke can arewa. Abokaina kowa na neman shagon kawunsa ya fake. Ni kuwa tun da na ji an buɗe wajen koyon tuƙin jirgin sama a Ɗa'ifa, na rantse ko ana ha-maza-ha-mata sai na shiga. Ba jarumta ba ce, kada wani ya yabe ni. Jirgin kawai nake so, so irin na hauka.

Na ci jarrabawa, likita ya duba idona ya ce garau. Saura takardar shaidar ɗan ƙasa, kuma nan ake yin ta.

Ni ɗan fari ne, kuma mutanenmu na unguwar Tandabawi da kunyarsu suka tsallako teku. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni gidan Goggo, yayar mahaifina, wadda mijinta ya biyo ta Sudan da ƙafa, bai taɓa riƙe takarda ba. A littafin umda, wato mai unguwarmu, ni ɗan wannan gida ne. Mahaifina yana da takarda, amma ya rasu. Umda ya ce ba makawa sai uwata ta zo gaban hafsan soja ta shaida da bakinta cewa ita ta haife ni. Matar da tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, daga "wancan" sai "kai".

Ni da Goggo muka same ta tana suyar gyaɗar da take sayar wa alhazai. Na durƙusa na zayyana mata komai. Ko kallona ba ta yi ba, Goggo ta fuskanta.

"Ki gaya wa wancan, mai hankali ba ya hawa ƙarfe ya bar ƙasa. Kuma a lokacin yaƙi!"

"Yaya," na ce, don haka nake kiranta, "ko kin zo ko ba ki zo ba za su ɗauke ni. In ba jirgi ba, bindiga za su rataya mini."

Ƙarya na yi, wanda ba shi da takarda ba mai ɗaukarsa. Amma ta zo.

Hafsan ɗan Jidda ne, ga gumi ga gajen haƙuri. Ya nuna ni da alƙalami ya tambaye ta da Larabci, "Hajiya, wannan ɗanki ne?"

Ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. "Ɗan gidan yayar mijina ne."

Innalillahi! Kaina ya yi dum. Goggo ta hau bayani da guntun Larabcinta, wai kunya ce, haka ake yi a wajenmu. Hafsan ya ce shi abin da aka faɗa yake rubutawa. Ya rufe takarduna ya ce a kira na gaba.

Zuciya ta ɗebe ni, ni dama ba a raba ni da ita. A gaban umda, a gaban baƙin maza, na yi abin da ɗan fari ba ya yi. Na tsaya a gabanta na dube ta tsakiyar ido.

"Yaya, shekara ashirin ban roƙe ki komai ba. Ƙarya na yi miki, in kin yi shiru ba inda za ni, sai dai in yi ta dakon kayan alhazai har in mutu. Amma wallahi ba zan daina zuwa ƙofar nan ba."

Ta daɗe tana kallona, har na tsorata. Sannan ta juya ga hafsan.

"Ɗana ne. Ni na haife shi, a ɗakin bayan masallacin unguwa, ranar Laraba."

"Sunansa?"

Ta faɗa, har da na ubana. Hafsan ya buga hatimi.

A hanyar gida tana gaba muna baya. Sai da muka kai ƙofa ta tsaya, ba ta waiwayo ba, ta ce wa Goggo, "Ki gaya masa na sa shi a littafinsu da bakina. In ya mutu a can, ni na kashe shi."

Na tuƙa jirgi har gashina ya yi fari. Duk saukar da na yi, gidanta nake fara zuwa in tsaya a tsakar gida ta gan ni. Sunan kuwa ban ƙara jin sa a bakinta ba har ta rasu.